Malam Sannu-sannu da Dawowar Zuhal

Duk wanda ya koyi tuƙi a unguwar bayan tasha, da wuya a ce ba ta hannun Malam Sannu-sannu ya bi ba. Bakinsa ne ya jawo masa sunan. Ko ɗalibi ya nufi bango da mota, ko ya taka totur a maimakon birki, ba ya tsawa, ba ya zagi. Sai ya ɗora ƙafa a kan birkin da ke gefensa ya ce, "Sannu-sannu, ba a biyo mu ba." Har matarsa, in tsokana ta motsa mata, da sunan take kiransa.

Makarantar ɗaki ɗaya ce: tebur, kujeru 'yan kaɗan, da allon da aka zana wa alamomin hanya, fentin duk ya koɗe. A ƙofa akwai rumfar kwano da benci, nan ne mazaunin yayansa. Yaya bakanike ne. Shi ke kula da motar koyarwa, wata tsohuwa mai giya wadda ya ƙara wa birki da kuloci a gefen malami da hannunsa. Kullum da safe kafin ɗalibin farko ya iso, ya buɗe bonet, ya duba mai da ruwa, ya zagaya tayoyi yana bugunsu da ƙafa. Tun da mahaifinsu ya rasu Yaya ya bar karatu ya shiga gareji, shi ya riƙe gidan, shi ya koya wa ƙanen tuƙi yana ɗora shi a kan matashi don ya hango gaba.

Amma zama da Yaya sai mai haƙuri. Ga surutu, ga maimaita labari. Duk sabon ɗalibin da ya zo, sai ya zaunar da shi a benci ya ba shi labarin ranar da malamin nasa ya fara riƙe sitiyari, ya afka cikin akurkin kajin maƙwabta, ya fito yana kuka da gashin kaza a ka. Ɗalibai su yi ta dariya. Kuma ba ya kiransa da komai sai Auta, a gaban kowa, ko da furfura ta cika masa gemu. In Malam ya kawo shawarar su sayi irin motocin nan masu canja giya da kansu, tun da yanzu su mutane ke nema, sai Yaya ya taɓe baki.

"Wannan ai ba mota ba ce, kujera ce mai taya. Bari tukuna."

Komai bari tukuna. Sabon allo, bari tukuna. Ofis a bakin babban titi, bari tukuna. Malam yakan yi murmushi ya haɗiye. Shekara da shekaru yana haɗiyewa, bai taɓa buɗe baki ya ce abin yana masa ciwo ba, har shi kansa ya ɗauka ba ya jin komai.

Yana dab da shekara sittin wata mata ta zo koyon tuƙi. A kantin magani take aiki, mai fara'a ce, kuma tana da sha'awar ilimin taurari. Wata rana suna fili tana koyon ribas, ta tsaya tana hutar da ƙafa, sai ta tambaye shi shekarar haihuwarsa da watan. Ya faɗa mata. Ta ɗan yi lissafi a zuci, ta gyaɗa kai.

"Malam, kana cikin babban lokaci. Zuhal ɗinka ya dawo."

"Wane ne kuma Zuhal? Ban san ya yi tafiya ba."

Ta yi dariya. "Tauraro ne mai nauyin jiki. Sai ya yi kusan shekara talatin kafin ya zagayo inda yake ranar da aka haifi mutum. Naka wannan ne zagayowa ta biyu. Masu ilimin suna cewa a irin wannan lokaci mutum ke tsayawa ya dubi rayuwarsa. Abin da ya yi masa nauyi ya sauke, abin da ya daɗe yana tsoro ya tunkara. In bai yi yanzu ba, to an gama."

"Ni dai na san Allah ke juya al'amura. Sa ribas, ki dubi madubi."

"Ai ban ce ba Shi ba ne," in ji ta, ta sa giya.

A nan maganar ta tsaya, matar ta samu lasisinta ta tafi. Amma kalmar nan "in bai yi yanzu ba" ta zauna masa a rai. Ya sa 'yarsa ta nemo masa a waya masu bayanin motsin taurari, ya riƙa sauraro da safe yana shan shayi. Wata murya mai sanyi takan ce Zuhal ya shiga buruji kaza, lokaci ne na girma, na sanin darajar kai, na sauke kayan da ba naka ba.

Gaskiya ita ce da farko abin ya amfane shi. Ya je asibiti aka duba ciwon sukarin da ya daɗe yana gudun a ambata. Ya fara tafiya a ƙasa zuwa aiki, tumbinsa ya ragu. Ya koyi cewa a'a ga maƙwabtan da ke aron mota su dawo da ita ba mai. Matarsa ta ce in dai wannan ne aikin taurarin, to ya ƙara musu sauti.

Sai dai muryar kullum tana maganar kaya. Sauke kaya, rabu da abin da ke jan ka baya. Ba ta taɓa ambaton kowa ba, ba ta san yana da yaya ba ma. Amma duk lokacin da ta ce kaya, fuskar da ke zuwa masa guda ɗaya ce. In ya iso makaranta ya hango Yaya a benci yana goge sifana, sai ya ce a ransa, ga shi nan, abin da ake faɗa ke nan.

A ɓoye ya nemi ofis a bakin babban titi. A ɓoye ya daidaita da wani kamfani da zai ba shi sababbin motoci, su kuma riƙa duba su da kansu. Matarsa ma sai da aka gama ta ji.

Ranar da abin ya fashe, wani likita matashi ne ya zo yin rajista. Yaya ya kama hannunsa ya zaunar, ya soma labarin akurki. Likita ya yi dariya har da riƙe ciki, ya dubi Malam ya ce, "Ashe malaminmu ma ta nan ya fara." Ba wani abu ba ne, an yi irinsa ba adadi. Amma da likitan ya tafi, Malam ya fito ya tsaya a gaban benci.

"Yaya, ina da magana."

"Faɗi, Auta."

Ya faɗa masa komai a tsaye: ofishin, motocin, ranar tashi. Ya ce wannan ɗakin da tsohuwar motar ya bar masa. Yaya yana goge hannu da tsumma, bai ɗago ba sai da ya gama.

"To wa zai riƙa duba maka mai da ruwa da safe?"

"Kamfanin ke yi."

"Madalla." Ya ninke tsumman ya ajiye. "Laifi na yi?"

"Ba laifi ba ne. Lokaci ne ya yi da zan tsaya da ƙafata. Kuma Yaya, na gaji da labarin kajin nan. Na gaji da Auta a gaban ɗalibaina. Ina da jikoki fa."

Yaya ya dube shi da mamaki na gaskiya, irin na wanda aka gaya wa abin da bai taɓa tunani ba.

"Yana maka zafi? Ai na ga kana dariya. Da ka faɗa mini tuntuni, da na bari."

Malam ya koma ciki ya fara cire allo daga bango.

A gida matarsa ta ajiye masa abinci ta zauna a gefe, ba ta ci ba.

"Wayar ce ta ce ka kori yayanka?"

"Ban kore shi ba. Na bar masa wuri, na bar masa mota."

"Ka bar masa motar koyarwa ba mai koyarwa. Ya zauna ya koya wa benci?"

"Ba za ki gane ba. Akwai lokacin da mutum dole ya sauke nauyi in yana son ya ci gaba."

"Shi da ya ɗauke ka kana kan matashi, bai ce kai nauyi ba ne."

Ya ture kwanon ya tashi. Ba ta sake tayar da maganar ba sai bayan an daɗe.

Sabuwar makaranta ta karɓu, wannan ba a musu. Ofis mai gilashi, motoci masu sanyi, ɗalibai har sai sun jira layi. 'Yarsa ta zo ta riƙa koyar da mata, aka ƙara malamai. Ba wanda ya san labarin akurki a can, ba wanda ke kiransa Auta. Da safe muryar nan ta waya takan ce wanda ya yi ƙarfin hali a zamanin Zuhal zai ga buɗi, shi kuma ya dubi motocin a jere ya ce lalle an faɗi gaskiya.

Yaya bai yi rigima ba, bai kai ƙara wurin dangi ba. Ya ci gaba da zama a bencinsa yana gyaran babura da injinan wuta na mutanen unguwa. Tsohuwar motar ta zauna a gefen rumfa har tayoyinta suka sace. In sun haɗu a wani taron dangi, sukan gaisa cikin mutunci. Malam ya rusuna, Yaya ya amsa.

"Malam, ya aiki? Ya ɗalibai?"

Malam. Yadda kowa ke kiransa. Karo na farko da ya ji kalmar a bakin Yaya sai da ya waiwaya, ya ɗauka da wani ake. Abin da ya roƙa aka ba shi, amma ya koma gida ranar ya kasa cin abinci.

Daga nan ya soma ƙudurta zai je ya ba da haƙuri. Har ya tsara abin da zai ce: a dawo tare, a yi masa wuri a sabon ofis, ko ba zai taɓa mota ba ya zo ya zauna. Amma makon da ya yi niyya, sai muryar ta ce Uɗarid, tauraron magana, yana tafiya da baya. Duk zancen da aka yi yanzu juyewa zai yi, a jira ya miƙe. Ya jira. Da ya miƙe, aka ce tauraron Mirrihu yana wuri mai zafi, zukata a kusa suke, ba lokacin tone tsohon ciwo ba ne. Ya sake jira. Sai kuma aka ce nan gaba kaɗan tauraron Mushtari zai shiga gidan 'yan'uwa, wannan shi ne lokacin sulhu da ba a samun irinsa sai an daɗe.

"Tsakaninka da gidansa tafiyar ƙafa ce," in ji matarsa wata safiya. "Kai da kake tafiya a ƙasa don lafiya, ka bi ta can mana."

"Ina jiran lokacin da ya dace."

"Kunya kake ji, Baban yara. Ka kira ta da sunanta."

Ya san ta faɗi daidai. Tsoro yake ji ya tsaya gaban bencin nan Yaya ya ce masa "ba komai, Malam" cikin ladabi, ya sallame shi kamar baƙo. Taurarin suna ba shi inda zai fake, shi kuma yana fakewa.

Mushtari bai kai ga shiga ba. Wata rana da hantsi yana cikin mota da ɗalibi a shataletale, matar Yaya ta kira. Yaya ya faɗi a gaban rumfa yana cikin kwance injin wani, an kai shi asibiti. Malam ya sa ɗalibin ya tsaya a gefen titi, ya karɓi sitiyari.

Shanyewar ɓarin jiki ce. Hannun dama da ƙafar dama sun tafi, baki ya karkace, magana ta ƙi fita sai gurnani. Matar Yaya tana zaune a bakin gado tana masa fifita. Da can ita ce abokiyar wasan Malam, ba ya shiga gidan ba ta tsokane shi ba. Ranar ta dube shi sama da ƙasa.

"Ka samu sarari yau ke nan."

Da ta fita neman ruwan zafi, ya ja kujera kusa, ya kama hannun Yaya mai lafiya, ya faɗi duk abin da ya daɗe yana tsarawa. Ya fito a hargitse, ba yadda ya shirya ba. Ya ce ya yi kuskure, ya ce a yafe masa. Yaya yana kallonsa, ido ɗaya yana zubar da ruwa, amma likita ya riga ya ce idon haka zai riƙa yi. Leɓensa ya motsa, wani sauti ya fito. Malam ya sunkuya ya kasa kunne, bai gane ba. Har yau bai san ko "na yafe" aka ce masa ba, ko ruwa ake nema.

Bayan an sallame su, shi ya ɗauki nauyin kai Yaya wurin masu motsa jiki. Yakan bar makaranta a hannun 'yarsa, ya zo ya tallabe shi ya sa a kujerar baya, ya ɗaura masa bel. A hanya shi ke magana, Yaya na kallon taga. A hankali 'yan kalmomi suka fara dawowa, ɗaya-ɗaya, da ƙyar: ruwa, zafi, gida. Matar Yaya ta sauko kaɗan, takan ce masa sannu da ƙoƙari, amma wasan nan bai dawo ba.

Wata rana ya shiga kantin magani sayen na Yaya, sai ga tsohuwar ɗalibarsa a bayan kanta. Ta gane shi nan take, ta yi murna, ta ce ta ga sabon ofis, lalle Zuhal ya yi aiki. Ya ba ta labarin yadda aka yi, a taƙaice, ba da zargi ba. Fara'arta ta ɗauke.

"Malam, ni ban ce maka mutum ne kayan ba. Ni da nawa ya zo, gaba na sauke. Shekaru ba na magana da ƙanwata, na je na same ta."

"Na sani," ya ce. "Ba ki ce ba. Ni na zaɓi abin da na ji."

Ya karɓi maganin ya fita. Tun daga lokacin bai sake kunna muryar nan ba. Ba fushi ya yi da ita ba, sha'awar ce kawai ta fita daga ransa.

Da aka ga jikin ba zai koma daidai ba, babban ɗan Yaya da ke aiki a wani gari mai nisa ya zo ya ce zai tafi da iyayensa, can akwai asibiti kusa da gidansa. Malam ya roƙa a bar su a wurinsa, ya ce zai gyara musu ɗakin baƙi.

"Baffa, mun gode," in ji ɗan, cikin ladabi. "Ka yi iya ƙoƙarinka. Amma Mama ta fi son can."

Shi ya kai su tashar jirgin ƙasa a ɗaya daga cikin sababbin motocin. Ɗan a gaba, Yaya da matarsa a baya, kaya a but. Da suka isa, ɗan ya tafi neman keken marasa lafiya, uwar ta bi shi da jakunkuna, aka bar su su biyu. Malam ya juyo daga kujerar direba. Yana neman abin da zai ce, sai ya ga Yaya ya miƙo hannun hagu yana bubbuga bayan kujera, alamar yana da magana. Ya daɗe yana kokawa da harshensa.

"Tana... ja... hagu."

"Me, Yaya?"

"Motar. A duba... ƙafar gaba."

"To, Yaya. Za a duba."

Yaya ya gyaɗa kai, ya koma ya jingina. Sai ga ɗan da keke. Aka ɗora shi, aka tura cikin jama'a, Malam na tsaye riƙe da murfin mota har ya daina hango su.

Washegari bai jira ranar kamfani ba, ya kai motar da kansa. Bakaniken ya ɗaga ta, ya girgiza tayar gaba, ya ce lalle akwai ƙarfen da ya saki, da an ƙara kwana biyu da ta ci taya. Ya ce Malam ya tafi, a aiko a ɗauka da yamma. Malam ya ce zai jira. Ya sami wata tsohuwar taya ya zauna a kai cikin ƙarar guduma da warin baƙin mai, 'yarsa tana ta kira ɗalibai na jira, bai tashi ba sai da aka gama.

Ya yi niyyar zuwa duba su Yaya da zarar ɗaliban da ke hannunsa sun yi jarrabawa, kuma wannan karon da gaske yake, har ya sayi tikiti. Saura 'yan kwanaki ɗan ya kira ya ce Yaya ya rasu da asuba. Da tikitin ya tafi gaisuwa.

Yanzu makarantar tana hannun 'yarsa. Malam yakan zo da hantsi, ya ɗauki ɗalibi ɗaya ko biyu, yawanci tsofaffi masu tsoron titi waɗanda sauran malamai suka gaji da su. Haƙurinsa yana nan, sai dai maganarsa ta ragu. In an tashi aiki ba ya son a rage masa hanya, a ƙasa yake komawa. Matarsa ta ce wani lokaci yakan shigo ya zauna a falo da takalmansa a ƙafa, sai ta yi masa magana sau biyu kafin ya ji.